Muhawara: Tankar Saint-Chamond ta Faransa, ƙirarta ce ta gaza ko filin da aka kai ta?

Mai Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ina so mu duba Saint-Chamond, tanka ta biyu da Faransa ta shigar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma mafi nauyi cikin tankokin da ta ƙera ta yi wannan yaƙi da su. Sunan garin da masana'antar take aka ba ta, garin Saint-Chamond kusa da Saint-Étienne, kamfanin kuwa FAMH ne, wanda ya shahara da ƙera igwa da farantan sulke. An ba da odar guda 400 a watan Afrilun 1916. Nauyinta tan 23, tsawonta har da bakin igwa mita 8.9, faɗi mita 2.7, tsayi mita 2.4. Mutum takwas ne a ciki: kwamanda wanda shi ne direba, mai harba igwa da mataimakinsa, masu mashinga huɗu, sai makanike. Igwa mai milimita 75 a gaba, mashinga Hotchkiss huɗu: ɗaya gaba, ɗaya baya, ɗaya kowane gefe. Inji Panhard mai silinda huɗu, ƙarfin doki 90. Gudunta in ta ƙure kilomita 12 a awa.

Kusan duk wanda ya yi rubutu a kanta cewa yake ta gaza. Tambayata ita ce, me ya gaza a cikinta takamaimai? Injin ne, tsarin lantarkin ne, ko sarƙar da take tafiya a kanta?

Makaniken Katafila:
Wa alaikumus salam Malam. Amsar tana ƙarƙashin tankar, ba a cikinta ba. Ƙafafunta an ɗauko su ne daga tarakta ta kamfanin Holt na Amurka, kamfanin da ya haɗe da Best a 1925 suka zama Caterpillar. Tarakta ce ta noma da jan igwa. Sojojin Faransa sun tsawaita ta ta zama tayoyin ƙarfe takwas a kowane gefe, a kan sifirin, alhali Schneider, tankarsu ta farko, bakwai gare ta. Har nan babu laifi. Laifin shi ne bodin da aka ɗora a kai ya fi sarƙar tsawo nesa ba kusa ba. Hanci ya zarce sarƙa a gaba, gindi ya zarce a baya, kuma igwar da ta fi komai nauyi tana can ƙarshen hancin.

To ku duba abin da ke faruwa a bakin ramin da sojoji ke haƙawa su fake a fagen daga. Tanka tana tsallake rami ne in gaban sarƙarta ya kama ɗaya gaɓar kafin tsakiyar nauyinta ya wuce gaɓar da ta taso. Ita Saint-Chamond tsakiyar nauyin ya karkata gaba, don haka da wuri take sunkuyawa. Da ta sunkuya, abin da zai fara taɓa ɗaya gaɓar ba sarƙa ba ce, farantin hanci ne. Hanci ya caki ƙasa, gindi ya zauna a kan gaɓar baya, sarƙa tana tsakiya tana juyawa ba ta kama komai. Kamar doguwar mota ce mai kaya ya zarce bodi ta zo sauka gangaren kwalbati: taya lafiya lau, inji lafiya lau, amma ta rataye. Sun sa ƙananan gangunan birgima a ƙarƙashin hanci da gindi don su riƙa zamewa, amma a laka ganga nitsewa take yi.

Baban Asma'u:
Ni ina ganin injin ya yi mata kaɗan, Oga. Doki 90 a kan tan 23 bai kai doki huɗu ga kowane tan ba. Da ƙarfi ya isa, da ta ture ƙasar ta fita.

Makaniken Katafila:
Baban Asma'u, lissafinka daidai ne, 3.9 ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗauki Mark IV ta Ingila, sa'arta a 1917: tan 28 zuwa 29, inji Daimler doki 105. Raba ka gani, wajen 3.7 ne, ƙasa da na Saint-Chamond. Amma tana tsallake ramin mita uku, domin sarƙarta ta kewaye bodin gaba ɗaya, kuma gabanta a ɗage yake. Duk inda ta dosa, sarƙa ce ke fara gaisawa da ƙasa. In sarƙa ba ta kama ƙasa ba, ko doki 300 ka sa, tono kawai za ta ƙara yi wa kanta.

Abu na biyu faɗin sarƙa. Ta farko santimita 32 da 'yan kai ce, a ƙarƙashin tan 23. Aka mayar da ita 41, daga baya 50. Daga 32 zuwa 50, in nauyi bai canja ba, dannin da take yi wa ƙasa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Wannan ya nuna maka irin nitson da na farkon suke yi. Kuma sarƙar kan zame daga tayoyi in an yi kwana mai tsini a ƙasa mai tauri ko a gefen gangare, farantanta kuma suna tsagewa. Mayar da sarƙa aiki ne na fita waje: a sassauta tayar da ke ɗaure ta, a cire fin, a shimfiɗa, a jawo, a sake haɗawa. A tsakiyar ruwan harsashi ba mai yin wannan, barin tankar ake yi.

Injiniyan Lantarki:
Bari in kare ɓangaren lantarkin, don ana yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Tsarin Crochat-Colardeau ne, sunan mutanen da suka ƙirƙiro shi. Injin fetur ba ya haɗe da sarƙa ko kaɗan, janareta yake juyawa. Wutar janaretan tana tafiya ga motocin lantarki biyu, wato injinan da wuta ke juyawa, ɗaya ga sarƙar hagu, ɗaya ga ta dama. Direba zai yi kwana, sai ya rage wutar gefe ɗaya. Babu kuloci, babu canjin giya. Ku kwatanta da Mark IV, inda mutum huɗu ke haɗuwa kafin a sarrafa ta: direba, kwamanda a kan birki, da mutum biyu a baya kowanne da giyar sarƙarsa, ana yi musu alama da hannu ko a buga ƙarfe saboda ƙara. Saint-Chamond mutum ɗaya ke tuƙa ta. A 1916 wannan ci gaba ne na gaske. Kuma motar lantarki tana ba da ƙarfin juyi mafi yawa ne daga tsaye, daidai abin da abu mai nauyi ke buƙata. Shi ya sa har yau kan jirgin ƙasa mai amfani da dizal da wannan tsari yake tafiya. Shi kansa Crochat ƙananan kawunan jirgi yake yi, kuma sojojin Faransa sun yi jigila da su a siririn layin dogo na bayan fagen daga.

Aibinsa uku ne, ba zan ɓoye ba. Nauyi: janareta da motoci biyu tagulla ne da ƙarfe zalla. Asara: a ƙaddara janareta ya mayar da kashi 85 cikin 100, mota ma 85, ka ga kashi 72 ne ya isa sarƙa, doki 90 ya koma wajen 65, sauran ya zama zafi a cikin ɗakin da mutum takwas ke zaune. Na uku shi ne wanda ya fi kashe su. In tanka ta kafe, direba zai ƙara wuta. Mota tana tsaye ko tana juyawa da ƙyar, to a lokacin ne take jan wuta mafi yawa, kuma ba ta samun iskar sanyaya kanta. Rufin wayoyin wancan zamani auduga ne da fenti, ba ya jure zafi. Minti kaɗan kwayil ya ƙone. Ka ga ke nan ramin ne ya kama ta, lantarkin ya mutu a wajen ƙoƙarin fita, sai a rubuta a rahoto cewa lantarki ya lalace.

Baban Asma'u:
To Injiniya, ai wannan ma laifin mai ƙira ne. Wanda ya san motarsa tana ƙonewa in ta cije, bai kamata ya sa ta a abin da aka yi don shiga ramuka ba.

Injiniyan Lantarki:
Da tsarin ne ba shi da kyau, da Faransa ba ta sake komawa gare shi ba. Tankar Char 2C da aka gama a 1921, tan 69, da lantarki take tafiya. Shi kansa kamfanin na Saint-Chamond ya yi igwa mai milimita 194 a kan sarƙa, mota biyu: ta gaba tana ɗauke da inji da janareta da harsasai, ta baya tana ɗauke da igwa da motocin lantarki, kebul ya haɗa su. Waɗannan sun kai har yaƙin 1940. Inda zan yarda da kai shi ne zafi bai taɓa barin tsarin ba. Ferdinand, motar igwa mai sulke ta Porsche da Jamus ta kai yaƙin Kursk a 1943, ita ma da fetur da lantarki take, ita ma zafi ya dame ta a hawan tudu.

Mai Tarihi:
Tambayar da ta rage ita ce me ya sa aka yi bodin da tsawo haka. A nan sai an koma ga mutane. Kanar Jean-Baptiste Estienne, wanda daga baya ya zama Janar kuma shugaban rundunar tankoki, shi ya shawo kan Janar Joffre, babban kwamandan sojojin Faransa, tsakanin ƙarshen 1915 da farkon 1916, ya haɗa kai da injiniyan kamfanin Schneider, Eugène Brillié. A Fabrairun 1916 aka ba Schneider odar 400. Sashen motoci na soja, ƙarƙashin Janar Mourret, ya ga an tsallake shi a harkar da yake ganin tasa ce. Sai aka ba FAMH, babban kishiyar Schneider, tasa odar ba tare da an shawarci Estienne ba. Kamfanonin biyu kuma ba su yarda su yi aiki da zane ɗaya ba.

Mai kula da ƙira a FAMH shi ne Kanar Émile Rimailho, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera shahararriyar igwar Faransa mai milimita 75 ta 1897. Mutumin igwa ne tun asali. Schneider ta sa guntuwar igwa a gefen dama, mai jefa harsashi mita 600 kawai. Rimailho ya ce a tasa cikakkiyar igwar fili za a sa. Tankokin farko igwar kamfanin suka ɗauka, sauran aka sa musu ta 1897. Igwa irin wannan in ta harba, bututunta yana ja da baya fiye da mita ɗaya, kuma dole a bar wa mai ɗura harsashi wurin tsayawa a bayan wannan. Ga inji da janareta a tsakiya, ga harsasai 106. Ba inda za a samu wuri sai a miƙa bodi gaba. Igwar ce ta yanke tsawon bodi, sarƙa kuwa aka bar ta yadda take.

Hafsa Mai Ritaya:
Malam ya taɓo wurin da nake so. A duba yadda ake harbi da ita. Igwar tana ɗagawa sama da ƙasa, amma juyawarta hagu da dama kaɗan ce ƙwarai. Don haka matakin farko kwamanda ya hango abin hari ta ɗan tsagin leƙe. Na biyu ya juya tankar gaba ɗaya ta fuskance shi. Na uku ya tsaya cik, domin harbi a kan tafiya ɓarnar harsashi ne. Sannan mai igwa ya gyara saiti ya harba. Kwamandan nan shi ne direba, shi ke duba rami a gabansa, shi ke duba sauran tankoki uku na rukuninsa, shi ke duba ko sojan ƙasa na biye. Aiki ya yi wa mutum ɗaya yawa. Kuma duk juyin da ya yi don saiti, sarƙa yake jefawa cikin haɗarin zamewa, kamar yadda Makanike ya faɗa.

Cikin kuwa babu bango tsakanin inji da mutane. Zafi, hayaƙin inji, hayaƙin albarushi, ƙarar da ba a jin magana. Harsashin bindiga in ya bugi sulke ko bai huda ba, ɓarɓashin dalma na shiga ta tsagogi da mahaɗar faranti, shi ya sa suke rufe fuska da abin fata mai labulen zoben ƙarfe. Sulken farko milimita 11 da rabi a gaba, 8 da rabi a gefe. Jamusawa na da harsashi mai zuciyar ƙarfe da ake kira K, wanda ke huda kimanin milimita 12 daga kusa. Sai aka ƙara faranti gefen ya kai 17. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin duk farantin da aka ƙara, a kan sarƙar nan yake zama. Rufin farko shimfiɗaɗɗe ne, gurneti na faɗawa ya zauna a kai ya fashe, shi ne aka koma rufi mai gangare biyu don ya gangaro.

Ɗan Damagaram:
Ranka ya daɗe, a ƙara da batun lokaci. Ingila ta fito da tankokinta ranar 15 ga Satumba 1916 a Flers, yankin Somme, alhali na Faransa ba su shirya ba. Jamusawa suka gani, suka faɗaɗa ramukansu, suka matso da igwoginsu masu milimita 77 gaba don harbin tanka kai tsaye. An zana tankokin Faransa ne a kan ramukan farkon 1916, suka iso fagen 1917.

Ranar 16 ga Afrilu 1917, a harin Janar Nivelle na tudun Chemin des Dames, Schneider 132 suka shiga a Berry-au-Bac, da yawa suka ƙone, kwamandan ɗaya rukunin, Louis Bossut, ya mutu a cikin tasa. A wannan safiyar ce kuma sojojin da Faransa ta ɗebo daga yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira tirayer na Senegal ko daga wace ƙasa suka fito, suka hau tudun a ƙarƙashin Janar Mangin cikin sanyi da ruwa, suka yi mummunar asara. Saint-Chamond sai ranar 5 ga Mayu ta fara, guda 16 a Laffaux, a gefen yamma na wannan tudu. Waɗanda suka kafe ko suka lalace da kansu sun fi waɗanda wutar Jamus ta lalata.

Hafsa Mai Ritaya:
Haka aka sake gani a La Malmaison ranar 23 ga Oktoba 1917. An yi kwanaki ana ruwan igwa kafin a tashi, ƙasa ta zama ramuka cike da ruwa. Harin ya yi nasara, amma Schneider, wadda ba ta kai tan 14 ba, ta fi Saint-Chamond kaiwa gaba. Dabarar da suka koma yi ita ce a haɗa kowace tanka da 'yan sojan ƙasa masu shebur da diga, su riga ta zuwa bakin rami su rushe gaɓa su yi mata gangare. Ka duba wannan da kyau: an yi tanka don ta kare sojan ƙasa daga mashinga, ga shi sojan ƙasa na tsaye a fili yana gyara mata hanya.

Amma kada a tsaya a 1917. Daga Maris 1918, da Jamus ta fasa layi yaƙi ya koma na tafiya, aka fita daga ƙasar ramuka zuwa gonakin da igwa ba ta tone ba. Ranar 11 ga Yuni a Méry, Mangin ya kai harin ramuwa ba tare da dogon ruwan igwa ba, da tankoki sama da 140, Schneider da Saint-Chamond. An rasa kusan rabinsu, amma an tsayar da yunƙurin Jamus na kama Compiègne. Ranar 18 ga Yuli suka fito daga dajin Villers-Cotterêts zuwa Soissons tare da runduna ta ɗaya da ta biyu ta Amurka. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa busasshiya hancin ba ya cakar komai, kuma babu wata tanka ta Faransa ko Ingila a fagen da ke da igwa mai ƙarfin tata. Tana iya tsayawa daga nesa ta rushe gidan mashinga ko ta yi musayar wuta da igwar fili.

Baban Asma'u:
Yallaɓai, rasa rabin tankoki a yini ɗaya ba na kiran shi nasarar ƙira. Abu mai tsawon mita tara da tsayin mita biyu da rabi a fili fetal, ai abincin igwar 77 ne.

Hafsa Mai Ritaya:
Gaskiya ne, amma babu tankar 1918 da sulkenta ke tare harsashin igwar fili. Ranar 8 ga Agusta a Amiens Ingila ta shiga da tankoki sama da 400, bayan kwana huɗu 'yan kaɗan suka rage masu tafiya. Abin da ke ceton tanka a lokacin hayaƙi ne, da hazon asuba, da a riga a danne igwogin abokan gaba. A Méry da hantsi aka tashi, a fili, shi ya sa asarar ta yi yawa. Abin da nake cewa shi ne a 1918 an daina tambayarta aikin da ba ta iyawa. Ta zama igwa mai tafiya da kanta a cikin sulke, irin aikin da Jamus ta ba motarta mai sulke StuG III a Yaƙin Duniya na Biyu.

Makaniken Katafila:
Sai dai StuG an zaunar da igwarta ne a kan shasin tanka cikakkiya, gajeruwa a ƙasa, sarƙa har gaban bodi. Wannan an yi ta da niyya. Saint-Chamond an ba da odarta ne don ta tattake waya mai ƙaya ta tsallake rami, kuma a wannan aikin ba ta ci jarrabawa ba. Su kansu Faransawan sun yanke hukunci da aljihunsu: bayan 400 ɗin farko ba su ƙara oda ba, wasu ma an bar su babu igwa suna jigilar kaya da jan waɗanda suka lalace. Kuɗi da ƙarfe suka koma ga Renault FT, tan shida da rabi, mutum biyu, hasumiyar bindiga mai juyawa ko'ina, babbar taya a gaba da ke ɗaga sarƙa ta hau gaɓa, da wutsiyar ƙarfe a baya don tsallake rami. Ta fara yaƙi ranar 31 ga Mayu 1918, kafin a tsagaita wuta an ƙera kusan 3,000.

Maman Khalil:
Malamai, mai son ganin ta da idonsa fa? Kuma Char 2C da Injiniya ya ambata, ita ta gyara kurakuran?

Mai Tarihi:
Hajiya, guda ɗaya ce ta rage cikakkiya, tana gidan tarihin tankoki na Saumur a Faransa. Ta daɗe a Aberdeen ta Amurka kafin a dawo da ita a 1987, kuma an gyara ta har tana tafiya. Samfurin ƙarshe ce mai rufi mai gangare. In kin samu hotonta, ki dube ta daga gefe, ki auna da ido daga ƙarshen sarƙa zuwa ƙarshen hanci.

Char 2C kuwa kamfanin FCM ne ya yi ta a La Seyne kusa da Toulon, masu ƙera jiragen ruwa. Ta gyara manyan abubuwa biyu: sarƙa ta bi tsawon bodin duka, mita 10 da 'yan kai, har tana tsallake ramin da ya haura mita huɗu, sannan igwar 75 ta koma cikin hasumiya mai juyawa. Mutum 12 ne a ciki, inji biyu. Goma kawai aka yi, kuma yaƙi ya ƙare kafin su fito. Matsalarta ta koma ta jigila: tan 69 ba ya doguwar tafiya da ƙafarsa, sai a kan taragu na musamman. A tsakiyar Yunin 1940 ana janye shida daga cikinsu kudu ta jirgin ƙasa, aka tarar layin dogo ya toshe a yankin Meuse, babu halin sauke su a wurin. Sojojinsu suka sa musu nakiya da hannunsu. Ɗaya mai suna Champagne nakiyarta ba ta tashi ba, Jamusawa suka same ta kusan lafiya.

Injiniyan Lantarki:
Ƙarin bayani kan 2C, Hajiya: kowane inji da janaretansa da motarsa yana ciyar da sarƙa ɗaya, amma an yi haɗin yadda in inji ɗaya ya mutu, ɗayan zai iya raba wutarsa ga motocin biyu, tanka ta ci gaba da jan jiki a hankali. Da giya da sanda, yin wannan a tan 69 a 1921 zai yi wuya ƙwarai. Da kebul kuwa canja haɗi ne kawai.